Haƙƙin Yara na Tsaro, Kariya da Adalci: Darasi Daga Dapchi

Ma'anar haƙƙin yaro

Haƙƙin yaro shi ne duk abin da ya wajaba a yi masa, da duk abin da ya wajaba a tsare shi daga gare shi, saboda shi mutum ne da bai kai ƙarfin tsaya wa kansa ba. Mai ƙiriniya da mai ladabi, ɗan sarki da ɗan talaka, ɗan gari da ɗan ruga, haƙƙinsu na rai da lafiya da mutunci ɗaya ne. A dokar Najeriya ta haƙƙin yara, yaro shi ne duk wanda bai cika shekara 18 ba, namiji ko mace.

Kowane haƙƙi yana rataye a wuyan wani. Idan aka ce jariri yana da haƙƙin nono da suna, akwai uwa da uba da za a tambaya. Idan aka ce ɗaliba tana da haƙƙin ta kwana lafiya a makarantar kwana, akwai shugabar makaranta, akwai ma'aikatar ilimi, akwai jami'an tsaro. Duk haƙƙin da aka ambata ba tare da an san wanda zai sauke shi ba, to ranar da buƙata ta taso kowa zai nuna ɗan'uwansa. Shi ya sa a kan kowane haƙƙi tambayar farko ita ce: a wuyan wa yake?

Inda haƙƙin ya samo tushe

Tun kafin a rubuta dokokin zamani mutanen arewacin Najeriya sun san yaro da haƙƙi. Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Borno da ƙasar Hausa ya yi bayanin nasaba da shayarwa da raino, da ci da sutura da ke kan uba, da tsare dukiyar maraya har ya mallaki hankalinsa. Alƙur'ani ya yi tir da binne 'ya'ya mata da rai da kashe 'ya'ya don tsoron talauci. A hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, Manzon Allah (SAW) ya ƙi zama shaida a kan kyautar da uba ya yi wa ɗa guda ya bar sauran, ya kuma yi umarni da adalci tsakanin 'ya'ya. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki malaman da ke karantar da almajirai a waje alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuwa ta kafa tsarin 'yan taru don ilimi ya isa ga matan karkara. Koyarwar Kirista ma ta tsananta gargaɗi a kan cutar da ƙanana. A al'ada kuma ana cewa ɗa na kowa ne, wato maƙwabci yana da bakin tsawatarwa, yana kuma da nauyin ceto.

A ranar 20 ga Nuwamba 1989 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da Yarjejeniyar Haƙƙin Yara, Najeriya ta tabbatar da amincewarta a 1991. Yarjejeniyar ta tsaya ne a kan ginshiƙai huɗu: kada a nuna wa yaro bambanci, a sa maslaharsa gaba a duk hukuncin da ya shafe shi, a tsare rayuwarsa da girmansa, a kuma saurari bakinsa gwargwadon shekarunsa da hankalinsa. A 1990 ƙasashen Afirka suka rubuta tasu yarjejeniyar, wadda ta fara aiki a 1999. Ta Afirka ta ƙara wani abu mai muhimmanci, domin ta ɗora wa yaro nasa nauyin: girmama iyaye da manya, da taimakon iyayensa idan suna cikin buƙata. Wannan amsa ce ga masu fargabar cewa maganar haƙƙin yara hanya ce ta koya musu raina na gaba.

Majalisar Tarayya ta yi Dokar Haƙƙin Yara a 2003. Sai dai al'amarin yara yana hannun jihohi ne, don haka dokar ba ta aiki a jiha sai majalisar jihar ta yi tata. Jihohin arewa da yawa sun daɗe suna ja da baya saboda saɓani a kan shekarun aure da ɗaukar ɗan wani a mayar da shi ɗa, da abin da hakan zai jawo a gado. Jihar Yobe ta samu tata dokar kare yara a 2022, lokacin Gwamna Mai Mala Buni. Akwai kuma dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta sa karatun firamare da ƙaramar sakandare, shekara 9, ya zama kyauta kuma dole. Sama da duka, sashe na 14 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce tsaro da walwalar jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati.

Abin da ya faru a Dapchi

Dapchi ita ce hedikwatar ƙaramar hukumar Bursari a jihar Yobe. Tana kimanin kilomita 100 arewa da Damaturu, a kan hanyar Bayamari, inda hanya ke rabuwa, ɗaya ta nufi Gashuwa da Nguru, ɗaya ta nufi Gaidam. A garin akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta 'Yan Mata ta gwamnatin jiha, makarantar kwana da iyaye daga garuruwa da ƙauyukan arewacin Yobe ke kai 'ya'yansu.

Kafin 2018 babu mai cewa bai san makarantun Yobe suna cikin haɗari ba. A ranar 6 ga Yuli 2013 an kashe mutum 42, akasarinsu ɗalibai, a makarantar sakandaren Mamudo. A Satumbar wannan shekara aka afka wa Kwalejin Aikin Gona ta Gujba cikin dare. A ranar 25 ga Fabrairu 2014 aka kashe yara maza 59 a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Buni Yadi. A ranar 10 ga Nuwamba 2014 bam ya tashi a tsakiyar taron safe na ɗaliban wata makarantar sakandare a Potiskum, sama da 40 suka rasu. A maƙwabciyar jihar Borno kuma an riga an sace 'yan mata 276 a Chibok a Afrilun 2014.

Ranar Litinin 19 ga Fabrairu 2018, wajen magariba, mayaƙan ɓangaren Boko Haram da ke biyayya ga ƙungiyar IS suka shigo Dapchi da motoci suna harbi. Makarantar na da ɗalibai 906 a rajista. Da yawa suka tsallake katanga suka faɗa daji, wasu ba su dawo ba sai bayan kwanaki. Waɗansu kuma, ganin mutane da kaki suna kiran su da su zo a cece su, suka ɗauka sojoji ne suka hau motocin da ƙafarsu. Aka tafi da 'yan mata 110, masu shekaru tsakanin 11 zuwa 19.

Abin da ya biyo baya ya ƙara wa iyaye ciwo. Da farko an yi ta musun cewa an sace kowa. Ranar 21 ga wata gwamnatin jiha ta sanar da cewa sojoji sun ceto wasu daga cikin 'yan matan, washegari ta janye maganar ta nemi afuwa, har mutanen gari suka yi jifa lokacin da Gwamna Ibrahim Gaidam ya kai ziyara. Iyaye ne da kansu suka kafa kwamiti suka bi gida-gida suna rubuta sunayen 'ya'yan da ba a gani ba. Sai da aka kusa mako guda kafin gwamnatin tarayya ta tabbatar da adadin 110. Gwamna ya ce an janye sojojin da ke garin kimanin mako guda kafin harin. Rundunar soja ta ce ta mayar da su Kanamma ne, kuma ta miƙa tsaron garin ga 'yan sanda. 'Yan sanda suka ce ba wanda ya miƙa musu. A watan Maris ƙungiyar Amnesty International ta fitar da rahoto cewa an kira jami'an tsaro aƙalla sau biyar a ranar, tun da rana, ana shaida musu an ga ayarin 'yan bindiga ya nufo garin. Rundunar soja ta musanta rahoton.

Da safiyar Laraba 21 ga Maris maharan suka shigo Dapchi da motocinsu suka sauke 'yan mata 104, tare da wasu yara biyu da ba 'yan makarantar ba. Suka gargaɗi iyaye kada su sake kai 'ya'yansu boko. Waɗanda suka dawo sun ba da labarin cewa biyar sun rasu tun a hanya saboda cunkoso a cikin mota. Ɗaya, Leah Sharibu, mai shekara 14, an riƙe ta domin ta ƙi barin addininta na Kirista.

Abin da Dapchi ke koyarwa a kan tsaron makaranta

Babban abin lura shi ne cewa a daren nan babu hukuma ɗaya da ta amsa cewa tsaron yara 906 a wuyanta yake. Soja ya ce ɗan sanda, ɗan sanda ya ce soja. Dokokin da aka ambata a baya duk suna nan a rubuce, amma a Dapchi ba a ɗora su a kan mutum mai suna da muƙami ba. Iyayen da za su kai yaro makarantar kwana suna da ikon su tambaya tun ranar farko: wane ne ke gadin wurin nan da dare, su nawa ne, wa za su kira idan sun ga abin da ba su gane ba, kuma daga ina taimako zai taso? Tambayar nan ba rashin kunya ba ce. Wanda ya ba da amanar ɗansa yana da damar sanin hannun da ya karɓa.

Sai maganar labari. A karkara da wuya ayarin motoci ya ratsa ƙauyuka ba a gan shi ba. Makiyayi ya gani, mai shayi ya gani, direban tasha ya gani. Abin da ake rasawa shi ne tabbatacciyar hanya da labarin zai bi daga bakin bulama ko lawani zuwa kunnen wanda zai iya tura mota, da kuma zuwa kunnen shugabar makaranta don ta kwashe yara tun da sauran haske. Gargaɗin awa biyu ya isa a raba ɗalibai cikin gidajen gari.

Ruɗanin ƙirga yana da nasa darasin. Makarantar kwana tana buƙatar rajista mai sunan kowace ɗaliba da garinsu da lambar wayar waliyyinta, da kiran suna safe da dare, kuma a ajiye kwafin rajistar a wajen makaranta. Iyaye suna da haƙƙin a faɗa musu gaskiya, ko da ɗaci. Albishirin ƙarya da aka yi wa iyayen Dapchi ya sa sun yi kukan rashi sau biyu, ya kuma cinye kwanakin farko, waɗanda su ne suka fi tsada wajen bin sawu.

'Yan matan da suka hau mota da kansu ba wauta suka yi ba. Ba wanda ya taɓa koya musu abin yi. Yaro yana buƙatar a gwada masa tun cikin zaman lafiya: wace ƙofa zai bi, ina za a haɗu, muryar wa zai amsa, kuma kaki kaɗai ba shaida ba ce.

Bayan Chibok an ƙaddamar da shirin kare makarantu a Abuja a Mayun 2014. A 2015 Najeriya ta shiga Sanarwar Kare Makarantu da aka yi a Oslo, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa mata hannu a 2019, Abuja kuma ta karɓi taron duniya na huɗu a kan batun a Oktoban 2021. Sanarwar ta nemi a daina mayar da makarantu sansanin soja, a binciki duk harin da aka kai, a kuma ci gaba da karatu ko ana cikin rikici. Duk da haka an sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, da 279 a Jangebe a Fabrairun 2021. Sa hannu a takarda bai gina katanga ba, bai biya maigadi ba.

Matakin da hukumomi suka fi saurin ɗauka shi ne rufe makarantu. Wani lokaci ba makawa, amma yana da tsada mai yawa. Yarinyar ƙauyen da babu sakandare kusa da su, makarantar kwana ce kaɗai hanyarta. Idan aka rufe ta wata shida ba tare da wani tanadi ba, da yawa ba za su koma ba: wata an yi mata aure, wata ta ɗauki farantin talla. Abin da maharan suka nema a bakin iyayen Dapchi ke nan, kuma bai kamata a cika musu burinsu da hannun hukuma ba. Arewacin Yobe yana buƙatar malamai mata da ungozoma da ma'aikatan jinya mata, kuma daga irin wannan makaranta suke fitowa.

Bayan yaro ya dawo

Kariya ba ta ƙarewa ranar da aka sako yaro. Sashe na 39 na yarjejeniyar 1989 ya wajabta a taimaki yaron da yaƙi ko cin zarafi ya taɓa har ya warke a jiki da zuciya ya koma cikin jama'a. Irin wannan yaro yakan yi firgita cikin barci, ko yawan shiru, ko saurin fushi, ko razana da ƙarar babur. Yana buƙatar likita, da babban da zai saurare shi ba tare da tsare shi da tambaya ba, da komawa aji. Ba ya buƙatar 'yan kallo, ko a riƙa ɗaukar hotonsa ana yaɗawa a waya.

A Borno da Yobe an ga yadda ake ƙyamar matan da suka kuɓuta, ana kiran su matan Boko Haram, ana gudun 'ya'yan da suka haifa a daji. Wannan zalunci ne a kan zalunci. Yaron da aka sace, ko aka tilasta masa ɗaukar bindiga, wanda aka cuta ne. Asusun UNICEF ya ƙirga yara 83 da aka ɗaura wa bam a arewa maso gabas tsakanin Janairu da Agustan 2017, 55 daga cikinsu mata, akasari ba su kai shekara 15 ba. Hanin sa yara cikin yaƙi ya hau kan kowane ɓangare: a 2017 'yan kato da gora na Borno sun sa hannu da Majalisar Ɗinkin Duniya cewa za su daina ɗaukar yara, kuma a Mayun 2019 suka sallami 894. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince cewa duk yaron da soja ya kama a fagen fama za a miƙa shi ga hukumomin farar hula masu kula da yara.

Adalci da rashin nuna bambanci

Leah Sharibu ta shiga mota ɗaya da ƙawayenta, aka sako su aka bar ta, shekaru suka shuɗe ba ta dawo gida ba. Shugabannin Musulmi da na Kirista duk sun yi kira a sake ta. Sashe na 38 na kundin tsarin mulki ya ba kowa 'yancin addini, sashe na 42 ya hana nuna bambanci saboda addini ko ƙabila ko jinsi ko yanayin haihuwa, Musulunci kuma ya hana tilasta wa mutum addini. Gari irin Nguru ko Gashuwa, inda Manga da Bade da Bahaushe da Bafulatani da baƙi daga kudu ke cin kasuwa ɗaya, ba zai zauna lafiya ba idan kariyar yaro ta dogara da sunansa ko wurin ibadar iyayensa.

Bambancin da ya fi yawa kuwa a cikin gida yake. Ana biya wa namiji kuɗin jarrabawa a ce mace ta haƙura. Agola da ɗan riƙo da maraya su ne masu ɗebo ruwa da itace lokacin da 'yan gida ke aji. Ɗan mowa da ɗan bora ba sa cin abinci iri ɗaya. Yaro kurma ko makaho ko gurgu ana ɓoye shi a ɗaki, ko a tura shi bara, alhali dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci ta 2019 ta ba shi haƙƙin karatu. Yara suna gani, kuma gabar 'yan uba da ke raba zumunci bayan mutuwar maigida sau da yawa daga nan take farawa.

Takardar haihuwa tana cikin kayan adalci. Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke bayar da ita. Da ita ake tabbatar da shekarun yaro a makaranta da asibiti da gaban alƙali. Wanda ba shi da ita, ana iya ƙara masa shekaru da baki a hukunta shi kamar babba.

Cutar da ke faruwa cikin gida da unguwa

Harin 'yan bindiga shi ke shiga rediyo, amma yawancin yaran da ake cuta, wanda suka sani ne ke cutar su. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi a 2014 tare da UNICEF ya nuna yara 6 cikin 10 a Najeriya suna fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18. Mace ɗaya cikin huɗu da namiji ɗaya cikin goma sun gamu da lalata, kuma waɗanda suka samu taimako ba su kai 5 cikin 100 ba.

Akwai iyaka tsakanin horo da azaba. Dukan da ya fasa jiki ko ya karya ƙashi, da ƙuna, da ɗauri, da hana abinci, duk sun fita daga tarbiyya, ko uba ne ya yi ko malami. A Satumbar 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300, da yara a cikinsu, daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa. A watan da ya biyo baya aka buɗe irinsa a Daura. Akasarinsu iyaye ne suka kai su da hannunsu don neman shiriya, ba su koma sun duba ba.

Haka batun almajiri. Neman karatun Alƙur'ani abin girmamawa ne, kuma tsangayun Borno da Yobe sun yi suna a kansa tun zamanin da. Amma ciyar da yaro da tufatar da shi da maganinsa suna kan uba, tura shi gaban alaramma bai sauke su ba. Ƙolo ɗan shekara 6 da ke yawo da roba a tasha da dare, ba takalmi, ba wanda ya san inda zai kwana, an tauye masa haƙƙin da addini da doka suka ba shi. Gwamnatin tarayya ta kafa hukumar kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta a 2023, sai dai hukuma ba za ta maye gurbin uban da ke kai ziyara da awo da sabulu ba.

Aiki ma haka. Yaron da ya taya ubansa a fadamar shinkafa a Gashuwa, ko ya bi shi su a dausayin Nguru bayan an tashi makaranta, sana'a yake koyo. Aikin ya zama cuta idan ya hana shi aji, ko ya fi ƙarfinsa, ko ya sa shi cikin haɗari, kamar feshin maganin ƙwari ba kariya. Dokar 2003 ta hana sa yaro bara da talla, ta kuma hana kai shi aikatau wajen danginsa. Talauci ne ke sa uwa ta ɗora wa 'yarta faranti, kuma ba a musun wannan. Amma tallan dare da shiga shaguna da zaurukan samari nan ne aka fi lalata yara mata. Masu zuwa ƙauye su kwashi yara da sunan za su sama musu aiki a birni suna karɓe albashinsu, aikinsu fatauci ne da mutane, kuma hukumar NAPTIP aka kafa a 2003 don yaƙi da shi.

A kan aure, dokar tarayya da yarjejeniyar Afirka sun sa shekara 18, kuma a nan ne aka fi samun saɓani a arewa. Abin da ba a saɓa a kansa ba shi ne abin da likitoci ke gani: yarinyar da ƙugunta bai gama girma ba ta fi shiga haɗarin doguwar naƙuda da yoyon fitsari da mutuwa wajen haihuwa. Auren dole kuwa, kotunan shari'a da kansu suna raba shi idan aka kai ƙara.

Yaro a hannun hukuma

Yaron da ake zargi da laifi bai rasa haƙƙinsa ba. Dokar 2003 ta tanadi kotun iyali, ta ce tsare yaro shi ne matakin ƙarshe kuma na ɗan lokaci, kada a haɗa shi da manya, a sanar da iyayensa, kada a bayyana sunansa. A zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024, wadda ta sa aka kafa dokar hana fita a Nguru da Gashuwa da Potiskum, an kama mutane da yawa a arewa. Ranar 1 ga Nuwamba aka gurfanar da wasu yara daga Kano da Kaduna a babbar kotun tarayya a Abuja bayan kusan wata uku a tsare, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Sai da jama'a suka yi ca kafin Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin a sake su. Doka ta riga ta hana abin da aka yi musu. Waɗanda ke riƙe da su ne ba su bi ta ba.

Matakan da ake ɗauka idan an cuci yaro

Abu na farko shi ne raba yaro da wanda ya cuce shi, a kuma gaskata shi. Yaro da wuya ya ƙirƙiri irin wannan labari, kuma idan aka ƙaryata shi ko aka doke shi a karon farko ba zai sake buɗe baki ba. Idan fyaɗe ne, a kai shi asibiti nan take, kafin wanka, tare da tufafin da ke jikinsa. Maganin da ke hana kamuwa da cutar ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72, kuma takardar likita ita ce babbar shaida a kotu. Asibitin gwamnati na Dapchi ko na Gashuwa, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru, duk wuraren zuwa ne.

Daga nan sai ofishin 'yan sanda, da jami'in walwalar jama'a na ƙaramar hukuma, ko ma'aikatar harkokin mata ta jiha. Idan aka ga ana jan ƙafa, ana iya kai kuka Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, wadda ke tsaya wa mata da yara kyauta. Bulama da lawani da limami suna da amfani wajen raka iyaye da kare su daga barazana, amma ba su da ikon sasanta fyaɗe ko raunata yaro a zaure. Abin da ake kira rufin asiri a irin wannan hali mai laifi yake rufa wa, kuma wanda aka yafe wa a ɓoye yakan koma kan wani yaron. Sirrin da ya wajaba a tsare shi ne sunan yaron da hotonsa. Maƙwabci ko malamin aji ko ma'aikaciyar asibiti da ta ga alama tana iya kai rahoto ko da iyaye sun yi shiru, musamman idan wanda ake zargi ɗan gida ne.